Matsayin Mata a Jagorancin Ikilisiya da Ibadar Yau da Kullum a Tsakanin Kiristocin Yammacin Katsina

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci matsayin mata a jagorancin ikilisiya da kuma ibadar yau da kullum a tsakanin Kiristocin yammacin Jihar Katsina, tare da mayar da hankali a kan ƙananan hukumomin Batsari da Safana da maƙwabtansu. Manufarta ita ce gano inda tasirin mata yake a ikilisiyoyin da ba su naɗa mace a muƙamin fasto ko limami. An bi hanyar bitar ayyukan tarihi da na al'ada, da duba tsarin mulkin manyan ɗariƙu uku, wato ECWA da Angilika da Katolika, sannan aka yi la'akari da kalmomin Hausa da mabiya ke amfani da su. Nazarin ya gano cewa ƙungiyar Zumuntar Mata ta gina jagorancinta ne a kan tubalan al'adun matan Hausawa, kuma matsalar tsaro ta ƙara ɗora nauyin riƙon addini a kan gida da uwar gida.

Fitilun Kalmomi: Zumuntar Mata, Masihiyawa, Maguzawa, ikilisiya, jagoranci, Katsina

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa ya daɗe yana kallon Bahaushiya ta fuskoki biyu, ko dai a matsayin Musulma ko kuma a matsayin mai riƙe da addinin gargajiya. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Nana Asma'u da 'Yan Taru, da kulle, da bori, da waƙoƙin daka da niƙa. Akwai rukuni na uku da bai sami irin wannan kulawa ba, wato matan da ke ibada da harshen Hausa a majami'u. Daga cikinsu akwai Hausawa tsantsa waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, akwai kuma 'yan wasu ƙabilu da Hausa ta zame musu harshen sujada.

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne da ke gefen dajin Rugu, a kan iyakar Katsina da Zamfara. A tsarin masarauta, Sarkin Ruman Katsina ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuma hakimin Safana. Mafi rinjayen mazauna yankin Musulmi ne, Hausawa da Fulani, manoma da makiyaya. Kiristoci 'yan tsiraru ne, kuma yawancinsu aikin gwamnati ko kasuwanci ko aikin tsaro ne ya kai su. Cibiyoyin Hausawa Kiristoci, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa, suna kudu da nan, a ƙasashen Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara da Musawa da Matazu da Bakori. Saboda haka ba za a fahimci ƙaramar ikilisiyar da ke yammacin Katsina ba sai an haɗa ta da wannan babban da'irar, domin da ita take tarayya a tsari da waƙa da tarurruka.

Tambayar da muƙalar ke neman amsawa ita ce: a ikilisiyar da mumbari yake hannun maza, ta wace hanya mata ke jagoranci, kuma me ke faruwa da wannan jagoranci idan zaman lafiya ya yi ƙaranci?

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Joseph Greenberg ya yi nazarin addinin Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa na 1946, inda ya nuna yadda Musulunci ya ratsa tunaninsu game da iskoki. Jerome Barkow, a muƙalarsa ta 1973, ya kwatanta rayuwar Musulmi da ta Maguzawa a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. Abin da ya fito fili a aikinsa shi ne Bamagujiya ba ta san kulle ba, tana noma, tana dafa giya, tana da rumbunta da abin hannunta. Murray Last ma ya zauna da Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya yi rubutu a kan magani da yadda ake sauya addini a tsakaninsu.

Ta fuskar Kiristanci kuwa, ayyuka biyu ne suka fi kusa da wannan batu. Barbara Cooper ta wallafa Evangelical Christians in the Muslim Sahel a 2006, a kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, waɗanda tarihinsu da na Katsinawa ɗanjuma ne da ɗanjummai. Shobana Shankar kuma ta wallafa Who Shall Enter Paradise? a 2014, inda ta bi diddigin yadda asibitocin kutare suka zama ƙofar shigar mishan cikin masarautun Kano da Katsina da Sakkwato. A faɗin Afirka, ƙungiyar mata masana tauhidin Kirista da Mercy Amba Oduyoye ta jagoranci kafawa a Ghana a 1989 ta yi ta jan hankali a kan cewa mata ne suka fi cika majami'u, amma ba su ne ke zaune a kujerun yanke hukunci ba. Giɓin da ya rage shi ne duba wannan al'amari daga cikin al'ada da harshen Hausa.

3.0 Shigowar Kiristanci Ƙasar Katsina da Rawar Mata

Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Wannan ne ya sa aikin Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya tsaya a Zariya, daga baya ya koma Wusasa. Duk da haka, aikin fassara ya ci gaba, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan littafi ne ya kafa yawancin kalmomin da ake ibada da su har yau.

Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta faro ne a 1893, amma ba ta sami gindin zama a ƙasar Katsina ba sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, lokacin da aka damƙa mata kula da mazaunin kutare na Babbar Ruga. Wannan wuri yana kan hanyar Katsina zuwa Batsari, kuma a yau a nan ne cibiyar ƙasa ta kula da masu yoyon fitsari take. Daga baya SIM ta buɗe tashoshi a wurare irin su Matazu da Malumfashi. A 1954 ikilisiyoyin da ta kafa suka tsaya da ƙafafunsu da sunan ECWA. 'Yan Katolika sun shigo ta hannun limaman ɗariƙar Dominik, Malumfashi ta zama babbar cibiyarsu. Angilika ta kafa dayosis ɗin Katsina a 1990. A 2023 Fafaroma Francis ya yanke dayosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan asalin Malumfashi, bishof na farko.

Abin lura a wannan tarihi shi ne ƙofar da Kiristanci ya shigo ta cikinta ƙofa ce ta jinya da karantarwa, kuma waɗannan ayyuka biyu mata ne suka fi yin su. Da yawa daga cikin ma'aikatan SIM mata ne, ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman yara. Su ne al'ada ta yarje wa shiga cikin gida, inda namiji baƙo ke tsayawa a zaure. Ke nan tun daga tushe, mace ce ta fi kaiwa ga mace, ko da yake sunayen da tarihin ikilisiya ya fi adanawa na maza ne.

Karɓar sabon addini bai zo wa Bamagujiya a sauƙaƙe ba. SIM da ECWA sun haramta giya, alhali dafa ta na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin matan Maguzawa. Sun hana bori, wanda fage ne da mace ke iya zama shugaba. Sun kuma ɗauki auren mace ɗaya a matsayin sharaɗi ga namijin da ke neman cikakken matsayi a ikilisiya, abin da ya jefa kishiyoyi cikin tsaka mai wuya. A ɗaya ɓangaren kuma, macen ta sami karatu da rubutu da boko, domin ana son kowane mai bi ya iya karanta Littafi da kansa, kuma ba a ɗora mata kulle ba. Daga wannan asara da wannan riba ne jagorancin matan Masihiyawa ya tsiro.

4.0 Muƙami da Mumbari

Ɗariƙu ukun da suka fi ƙarfi a ƙasar Katsina sun yi tarayya a abu guda: ba su naɗa mace a babban muƙamin limanci. A ECWA fasto da dattawan ikilisiya maza ne. Ikilisiyar Angilika ta Nijeriya ba ta naɗa mata firistoci, ko da yake takwararta ta Ingila ta fara yin haka tun 1994. A Katolika kuwa limanci na maza ne a duk duniya, sai dai akwai tsarin sistoci, waɗanda ke riƙe da makarantu da asibitoci.

Masu kare wannan matsayi suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 2, da ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 14, inda aka yi maganar shirun mace a taron ibada. Masu ganin akasin haka suna kawo Galatiyawa sura ta 3, da misalan matan da Littafin ya ambata da aiki: Debora da ta yi alƙalanci a Isra'ila, da Fibi mai hidima a ikilisiya, da Bilkisu matar Akila wadda ta karantar, da Lidiya da ta buɗe gidanta ga masu bi. A kudancin Nijeriya wasu ikilisiyoyin Fentikos sun bi fahimta ta biyu, kamar yadda Margaret Idahosa ta gaji mijinta a shugabancin Church of God Mission da ke Benin bayan rasuwarsa a 1998.

A ƙasar Hausa fahimta ta farko ce ta yi rinjaye, kuma dalilin bai tsaya a nassi kaɗai ba. 'Yan tsiraru sukan kula ƙwarai da yadda maƙwabta ke kallonsu. A inda limanci da sarauta da alƙalanci duk suke hannun maza, ikilisiyar da ta ɗora mace a mumbari za ta ƙara tabbatar da zargin da ake yi mata cewa addinin baƙi ne. Ga kuma kunya, wadda Masihiya ta gada kamar kowace Bahaushiya. Saboda haka tsarin mishan da al'adar gida sun haɗu a kan hanya ɗaya.

Akwai muƙami guda da mace ke samu ta hanyar aure, wato matsayin matar fasto, wadda ake kira Mama. A Angilika tsari ne tabbatacce cewa matar bishof ce ke shugabantar Ƙungiyar Iyaye Mata a dayosis, matar limami kuma a majami'arsa. A ECWA ma matar fasto kan zama mashawarciyar mata. Wannan matsayi yana da ƙima, amma yana da rauni, domin aro ne: idan aka yi wa mijin canjin wurin aiki ko ya rasu, matsayin ya tafi tare da shi.

5.0 Zumuntar Mata a Matsayin Jagoranci

Inda mata ke mulkin kansu da kansu shi ne Zumuntar Mata. Ƙungiyar ta faro ne a tashoshin mishan na ƙasar Filato a zamanin mulkin mallaka, ta bazu har ta zama ruwan dare a ikilisiyoyin Arewa masu ibada da Hausa. ECWA tana da tata, ikilisiyoyin TEKAN suna da nasu, 'yan Katolika ma suna da Zumuntar Matan Katolika. A tsallaken iyaka, a Maraɗi da Tsibiri, da wannan suna ake kiranta.

5.1 Ma'anar Sunan

Zaɓen kalmar zumunta ba ƙaramin abu ba ne. A Hausa, zumu shi ne ɗan'uwa na jini ko na aure, zumunci kuma shi ne haƙƙin da ke tsakanin dangi. Da aka ɗauki kalmar aka ɗora wa taron masu bi, an mayar da 'yan'uwantakar addini ta zama dangantaka mai haƙƙi. Wannan yana da muhimmanci ga macen da sauya addini ya raba ta da wasu danginta, ko wadda aure ko aikin miji ya kai ta garin da ba ta da kowa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma ziyara ce ginshiƙin aikin ƙungiyar: gaida mara lafiya, barkar haihuwa, zaman makoki, da bikon wadda ta daina zuwa sujada.

5.2 Tsari da Dukiya

Kowane reshe yana da shugaba da mataimakiya da magatakarda da ma'aji da mai jagorar waƙa, kuma zaɓe ake yi. Tsarin yana hawa daga majami'a zuwa gunduma zuwa yanki har matakin ƙasa, daidai da matakan mulkin ikilisiyar. Mata suna taruwa a ranar da suka keɓe a mako, su yi addu'a, su karanta Littafi, ɗaya daga cikinsu ta yi wa'azi. Suna da asusunsu, suna tara kuɗi da hatsi, musamman lokacin godiyar kaka. Da wannan ake tallafa wa gwauraye da marayu, a ciyar da baƙin taro, a taimaka wa masu bishara da ke ƙauyuka. A nan ne macen karkara ke koyon riƙe littafin kuɗi, da rubuta rahoton taro, da tsayawa gaban jama'a ta yi magana.

5.3 Tushen Al'ada

Idan aka duba da kyau, za a ga ƙungiyar ba ta ƙirƙiro komai daga babu ba. Gudummawar da ake yi wa mai haihuwa ko mai aurar da 'ya ita ce al'adar biki da Baba ta Karo ta bayyana a littafin Mary Smith na 1954. Tara kuɗi bi da bi adashi ne. Taron noma gonar ikilisiya ko ta gwauruwa gayya ce. Zanen bai ɗaya mai tambarin ƙungiya anko ne. Shugabar mata kuma tana tuna wa mai nazari da magajiya ko inna ta tsarin gargajiya. Akwai kuma kamanni da 'Yan Taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, inda jajis ke kai ilimi ga matan ƙauye ta hanyar waƙa. Ba a nufin ɗaya ta samo asali daga ɗaya. Abin da kamannin ke nunawa shi ne a ƙasar Hausa, duk addinin da ya raba fagen maza da na mata, matan sukan gina nasu tsarin karantarwa da shugabanci a cikin fagensu.

5.4 Waƙa a Matsayin Wa'azi

Mishanonin farko sun yi ɗari-ɗari da kiɗan gargajiya saboda alaƙarsa da bori, suka fifita waƙoƙin Turai da aka fassara a Littafin Waƙoƙi. Matan Zumunta ne suka dawo da muryar gida cikin majami'a. Suna buga tulu, suna kaɗa caki, wata ta bayar, saura su amsa, kamar a waƙar daka ko ta dandali. Jigogin sun haɗa da labaran Littafi Mai Tsarki, da gargaɗi a kan shaye-shaye da tsegumi da sakaci da iyali, da haƙuri a lokacin tsanani, da tunawa da mutuwa. A sujadar Lahadi ana ba su lokacin waƙa, kuma a wannan ɗan lokaci suna iya faɗa wa dattawa da mazajensu abin da ba za su faɗa da baki ba. Habaici da zambo, waɗanda makaman Bahaushiya ne tun asali, sun sami wurin zama a nan. Ga wadda ba ta yi karatu ba kuma, waƙa ce littafinta, domin ta cikinta take haddace ayoyi.

6.0 Ibadar Yau da Kullum

Sujadar Lahadi sa'o'i kaɗan ce a mako. Sauran kwanakin addini yana hannun gida. Addu'ar safe da ta dare, da addu'a kafin cin abinci, da koya wa yara aya, da shirya su zuwa makarantar Lahadi, yawanci uwa ce ke tsaye a kansu. A gidajen Katolika ana ƙara jan rosari. Masu wa'azi sukan kawo misalin Timoti, wanda Littafin ya ce bangaskiyarsa ta biyo ta hannun kakarsa da mahaifiyarsa.

Sunaye ma suna ɗauke da wannan shaida. Masihiyawa sun riƙe sunayen rana irin su Ladi da Talatu da Laraba da Jummai da Asabe. Sun ɗauki sunayen Littafi a siffar Hausa, kamar Saratu da Rifkatu da Rahila da Hannatu da Maryamu. Sun kuma mayar da kalmomin yau da kullum sunaye, kamar Godiya da Alheri da Murna da Salama. Haka abin yake a kalmomin ibada: sujada da addu'a da zakka da alheri da albarka duk kalmomi ne da Musulmi da Kirista ke tarayya a kansu, kowa da ma'anar da ya ɗora musu. Misali, sujada a bakin Musulmi ɗora goshi ne a ƙasa, a bakin Kirista kuwa dukan taron ibada ne. Baiko, wanda a al'ada ya shafi neman aure, a majami'a yana nufin abin da aka bayar domin Allah.

Wani aikin da ba a cika lissafa shi a jagoranci ba shi ne riƙon maƙwabtaka. A ƙauyukan kudanci da yammacin Katsina ana samun zuri'a ɗaya da ta ƙunshi Musulmi da Kirista. Mata ne ke kai tuwon Kirsimeti maƙwabta, su karɓi naman Sallah, su je suna da biki da gaisuwar mutuwa, su haɗu a rijiya da injin niƙa da asibitin awo. Wannan hulɗa ce ke sa 'yan tsiraru su zauna lafiya a cikin masu rinjaye. A nan ne kuma ake fuskantar batu mafi zafi, wato auren 'yan mata da sauya addini ta dalilinsa, wanda yakan tayar da jijiyar wuya a tsakanin iyalai. Iyaye mata ne suka fi ɗaukar raɗaɗinsa, su ne kuma kan fara neman hanyar da zumunci ba zai yanke ba.

7.0 Tasirin Matsalar Tsaro

Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. A watan Fabrairun 2020 an kai mummunan hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari. A watan Disamban wannan shekara aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita harkar kasuwannin dabbobi da zirga-zirgar babura. A watan Janairun 2023 'yan bindiga suka afka wa wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara, suka tafi da masu ibada. Wannan bala'i bai ware addini ba, kuma mafi yawan waɗanda ya shafa a yankin Musulmi ne, domin su ne mafi yawan mazauna. Sai dai tasirinsa a kan ƙaramar ikilisiya yana da siffa ta daban.

Na farko, ikilisiyar da mutanenta ba su da yawa, ƙaurar gidaje kaɗan ta isa ta girgiza ta. Ma'aikaci yana iya neman canjin wurin aiki, ɗan kasuwa ya mayar da iyalinsa Katsina ko Dutsin-Ma ko Funtuwa. Na biyu, tsarin da ya dogara ga fasto ko fada mai zagaya ƙauyuka yana raunana idan hanya ta zama abin tsoro. Baftisma da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure duk sai da naɗaɗɗen limami, amma addu'a da karatu da waƙa ba su jiran kowa. Idan limami ya yi nisa, abin da ya rage shi ne ibadar gida, wadda dama tana hannun mata. Na uku, asusun Zumunta da aka tanada domin biki da suna yakan koma na ciyar da 'yan gudun hijira da riƙon marayu da taimakon iyalan waɗanda aka sace. Na huɗu, ziyara da tarurrukan gunduma, waɗanda su ne jinin ƙungiyar, sun dogara ga hanya da kasuwa da waya, kuma duk ukun sun taɓu.

A nan ne saɓanin tsarin ke fitowa fili. Nauyi ya ƙaru a kan mata, amma majalisun da ke yanke shawarar inda za a kai taimako, da majami'ar da za a rufe ko a haɗe, da yadda za a kashe kuɗin ikilisiya, ba su sauya ba. Gwauruwar mai bishara tana iya rasa miji da muhalli da matsayi a lokaci guda. Wadda ta dawo daga hannun masu garkuwa tana buƙatar wadda za ta saurare ta a asirce, abin da kunya ba za ta bari ta yi da namiji ba. Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma matan da ke wannan aiki ba safai ake ba su horo ko a saka aikinsu cikin kasafi ba.

8.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya kai ga abubuwa huɗu. Na ɗaya, jagoranci a waɗannan ikilisiyoyi hawa biyu ne: na muƙami, wanda ke hannun maza, da na hidima, wanda mata suka fi riƙewa. Na biyu, Zumuntar Mata ta yi ƙarfi ne domin ta zauna a kan al'adun biki da adashi da gayya da waƙar amshi, saboda haka ita ce sashen ikilisiya mafi kama da gida. Na uku, tsarin yana ba mace murya, yana kuma iyakance ta, domin samun fage na daban yakan zama hujjar hana ta shiga babbar majalisa. Na huɗu, rashin tsaro ya mayar da ibadar gida ta zama ginshiƙin ɗorewar addini, ba tare da an sake duba rabon iko ba.

9.0 Kammalawa

Muƙalar ta bi tarihin shigowar Kiristanci ƙasar Katsina daga Babbar Ruga zuwa kafuwar dayosis-dayosis na yau, ta nuna cewa rashin muƙami bai hana mata jagoranci ba, sai dai ya tsara musu inda za su yi shi. Ga ikilisiyoyi, ana iya shigar da wakilan mata cikin kwamitocin kuɗi da na agaji ba tare da an taɓa aƙidar naɗi ba, a kuma yi tanadi na musamman domin gwaurayen ma'aikata. Ga sassan nazarin Hausa kuwa, aikin da ke gaba shi ne tattara waƙoƙin Zumuntar Mata na ƙasar Katsina a rubuce da kuma a faifai, a nazarci jigo da salo da karin harshensu, a kwatanta su da waƙoƙin matan Islamiyya da na 'Yan Taru. Yawancin waɗannan waƙoƙi a ka suke, kuma a ƙauyukan da ake watsewa ake rera su. Tsofaffin da suka haddace su, waɗanda suka ga ƙarshen zamanin maguzanci da farkon zamanin majami'a, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.